Amsoshin Tambayoyinku: Bauta, Azumi da Gudun Duniya a Addinin Hindu

Tambaya: Bara na raka mahaifiyata jinya wani asibiti a birnin Delhi na ƙasar Indiya. Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai kirki da ke kula da ita. Wata rana na zuba mata shinkafa ta ce tana azumi, amma da rana tsaka na gan ta tana cin ayaba tana shan madara. Wane irin azumi ne wannan? Sannan a titi nakan ga dattawa da tufafi ruwan goro, da sanda da ƙoƙo, gashi ya dunƙule, mutane na durƙusa musu. Su wane ne? Haka kuma waƙoƙin da suke yi da asuba da magariba suna kaɗa ƙararrawa, mene ne matsayinsu a addininsu? Don Allah a warware mini.
Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Wannan baiwar Allah ba ƙarya ta yi miki ba, azumi take yi bisa ƙa'idar addininta. Abin da ya ɗaure miki kai shi ne, da kika ji an ce azumi sai zuciyarki ta tafi ga wanda muka sani, daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, ba ci ba sha. Nasu tsarin daban ne, kuma ba a gane shi sai an faro daga tushe.

Mabiya addinin Hindu sun haura biliyan ɗaya a duniya. A ƙidayar da aka yi a Indiya a 2011, su ne kashi 79.8 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, Musulmi kuma kashi 14.2. Addinin ba shi da mutum guda da ya kafa shi, ba shi da littafi guda, ba shi da shugaba guda da ke yanke hukunci a kan kowa. Saboda haka duk abin da zan faɗa miki, kina iya samun wani gida a wata jiha da yake yin saɓaninsa. Sai dai abubuwa ukun da kika tambaya, waƙa da azumi da masu tufafi ruwan goro, amsa suke bayarwa ga tambaya ɗaya: me mutum zai iya rabuwa da shi saboda abin da yake bauta wa? Wani lokacinsa da muryarsa yake bayarwa, wani abincin yini guda, wani kuma gidansa da sunansa gaba ɗaya.

Bhakti, hanyar ƙauna

Waƙoƙin da kika ji suna cikin abin da suke kira bhakti, wato bauta da aka gina a kan ƙauna da miƙa wuya. Mai yin ta shi ne bhakta. Babban burin addinin Hindu shi ne moksha, kuɓutar rai daga zagayen mutuwa da sake haihuwa da suka yi imani da shi. Littafinsu Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700, ya shimfiɗa hanyoyi uku zuwa wannan buri: hanyar aiki ba tare da kwaɗayin sakamako ba, hanyar ilimi, da hanyar ƙauna. Hanyar ilimi tana cin shekaru a gaban malami, tana buƙatar harshen Sanskrit, wanda a da 'yan tsiraru ne ke da damar koyon sa. Hanyar ƙauna kuwa manomi na iya bin ta, tsohuwa a ƙauye na iya bin ta. Shi ya sa ta fi sauran yaɗuwa.

Yawancinsu kowa yana da abin bautar da ya fi jingina gare shi. Wasu Vishnu, musamman a siffar Rama ko Krishna, wasu Shiva, wasu kuma abar bauta mace irin su Durga da Lakshmi. Da yawa daga cikinsu za su ce miki duk waɗannan fuskoki ne na hakika guda ɗaya, wasu kuma su ce nasu shi ne mafi ɗaukaka. A nan ne hanyarsu ta rabu da ta mai tauhidi, kuma ba sai an ɓoye wannan ba. Amma abin da muke so a nan shi ne mu san yadda su suke kallon abin da suke yi.

Ibadar da ake yi a gida ko a haikali sunanta puja. Ana ajiye siffar abin bauta, wadda suke kira murti, a yi mata wanka, a sa mata tufafi, a miƙa furanni da turare da abinci, kamar yadda ake karɓar baƙo mai daraja. Idan kika ga ana zagaya fitila a gaban siffar ana kaɗa ƙararrawa, wannan shi ne arti, kuma asuba da magariba su ne manyan lokutansa. Zuwa haikali don a ga siffar shi ne darshan, a wurinsu kana kallon ta ita ma tana kallon ka. Abincin da aka miƙa sannan aka raba wa jama'a shi ne prasad, suna ɗaukar sa mai albarka. Waƙar bege ita ce bhajan, wadda kuma jagora ke bayarwa jama'a na amsawa ita ce kirtan. Maimaita sunan abin bauta shi ne japa, da carbi mai ƙwaya 108 da ake kira mala.

Wannan hanya ta yi ƙarfi ne daga kudancin Indiya, ƙasar Tamil, tsakanin ƙarni na 6 da na 9. A can aka yi mawaƙa 12 mabiya Vishnu da ake kira Alvar, cikinsu da mace ɗaya mai suna Andal, da kuma bayin Shiva 63 da ake kira Nayanar. Da harshen Tamil suka yi waƙa, harshen gida da kasuwa. Daga baya abin ya hau arewa. An yi Kabir, masaƙi a birnin Varanasi a ƙarni na 15, wanda ya tashi a gidan Musulmi. An yi Ravidas, wanda baduku ne, sana'ar da tsarin jinsin Indiya, mai raba mutane hawa-hawa bisa haihuwa, ya jefa ƙasa. An yi Mirabai, gimbiya daga Rajasthan a ƙarni na 16, wadda ta fifita begen Krishna a kan gidan sarauta. An yi Chaitanya, da aka haifa a Bengal a 1486, wanda ya fito da kirtan kan titi da ganguna da rawa. 'Yan Hare Krishna da ake gani a birane irin su Legas tsatsonsa ne, ƙungiyarsu Bhaktivedanta Swami Prabhupada ne ya kafa ta a birnin New York a 1966. Waɗannan mawaƙa ba su rushe tsarin jinsi ba, yana nan har gobe, amma sun bar koyarwar cewa masaƙi da baduku na iya fin ɗan gidan malamai kusanci.

Vrat, azumin alkawari

Yanzu ga tambayarki ta farko. Kalmomi biyu za ki ji: upvas, wato ƙaurace wa abinci, da vrat, wato alkawarin ibada da mutum ya ɗora wa kansa. Vrat ya fi kusa da bakance a wurinmu. Mutum ne ke ƙulla niyya, wadda suke kira sankalp, ya ce zai yi kaza na tsawon kaza, don neman haihuwa, ko lafiyar miji, ko nasarar ɗa a jarrabawa, ko don tsarkake zuciya kawai. Babu wata guda da aka wajabta wa kowa da kowa ya azumta. A gida ɗaya uwa na iya yin azumin Litinin saboda Shiva, ɗanta na Talata saboda wani abin bauta, Hanuman, maigida kuma bai taɓa yi ba, ba wanda zai ce ya fita daga addini.

Tsananin azumin ma hawa-hawa ne. Mafi tsanani shi ne nirjala, ba ci ba sha, ko ɗigon ruwa. Sai wanda ake shan ruwa kawai. Sai phalahar, wanda ake cin 'ya'yan itace da madara da nono, kuma ga dukkan alamu shi ne ma'aikaciyar nan take yi. Sai mai cin abinci sau ɗaya a yini. Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne barin hatsi da dangin wake: ba shinkafa, ba alkama. Nama da ƙwai da giya ba a ma maganarsu. Ana barin albasa da tafarnuwa, domin a fahimtarsu suna motsa sha'awa da zafin rai. Har gishiri ake canzawa, a koma na dutse da suke kira sendha namak. Wani abincin azumi da ya shahara shi ne sabudana, ƙananan ƙwayoyi farare da ake yi da sitacin rogo, a dafa da gyaɗa da dankali. Tun da rogo saiwa ne, ba hatsi ba, bai karya azumin ba. Kin ga ke nan shinkafar da kika zuba mata ita ce haram a gare ta a ranar, ayaba kuwa halas.

Azumin da ya fi yawan maimaituwa shi ne Ekadashi. Suna raba watan sama gida biyu, rabin da wata ke girma da rabin da yake raguwa, kuma rana ta 11 a kowane rabi ita ce Ekadashi. Sau biyu ke nan a wata, 24 a shekara, mabiya Vishnu ne suka fi riƙe shi. Buɗa-bakinsa, wanda ake kira parana, sai washegari da safe. Akwai guda ɗaya da ke faɗowa a tsakiyar zafin Mayu ko Yuni, Nirjala Ekadashi, wanda ake yi ba ruwa. Kullum a zafi yake zuwa, domin kalandarsu ko da yake ta wata ce, suna ƙara mata wata guda kusan duk bayan shekara uku don ta daidaita da rana. Shi ya sa azuminsu ba ya zagaya yanayin shekara yadda Ramadan ke yi.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san Karva Chauth ko da ba su san sunansa ba. Shi ne inda matar aure ke kallon wata ta cikin rariya, sannan ta kalli mijinta, ya ba ta ruwa. An nuna shi a fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Matan arewacin Indiya ne ke yin sa a Oktoba ko Nuwamba, daga fitowar rana har wata ya fito da dare, don neman tsawon ran miji. A gidajen Punjab uwar miji ce ke haɗa wa surukarta abin sahur. Akwai kuma Navratri, kwana tara saboda Durga. Akwai Maha Shivaratri a Fabrairu ko Maris, da ake haɗa azumi da raya dare. Akwai Chhath na mutanen Bihar, inda ake kai kimanin awa 36 ba ruwa, a tsaya cikin kogi a yi wa rana gaisuwa a faɗuwarta da fitowarta. Fim ma ya taɓa yaɗa azumi: bayan fitowar Jai Santoshi Maa a 1975, mata da yawa suka ɗauki azumin Juma'a 16 saboda abar bautar da ke cikin fim ɗin, suna guje wa abu mai tsami, suna miƙa mazarƙwaila da gasasshen wake.

Idan kin lura, mata ne suka ɗauki kaso mafi girma na wannan nauyi, kuma yawanci saboda wasu suke yi. A cikin Indiya kanta ana muhawara a kai. Wasu na tambayar me ya sa mace ce kullum ke jin yunwa saboda miji, har wasu mazan yanzu suna taya matansu Karva Chauth.

Daga irin wannan gida Mahatma Gandhi ya fito. Mahaifiyarsa Putlibai mai yawan vrat ce, ya ba da labarin yadda a damina takan yi alkawarin ba za ta ci abinci ba sai ta ga rana. Shi ya fitar da azumi daga ɗaki zuwa fagen siyasa. A 1924 ya yi kwana 21 yana azumi a Delhi, wanda ya fara a gidan Maulana Muhammad Ali, don a daina faɗa tsakanin Hindu da Musulmi. Azuminsa na ƙarshe, a Janairun 1948, shi ma saboda zaman lafiya tsakanin ɓangarorin biyu ne, kuma a ranar 30 ga watan wani ɗan Hindu mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi.

Sannyasa, barin duniya

Littattafansu na dā sun raba rayuwa zango huɗu. Na farko brahmacharya, zaman almajirci a gaban malami ba aure. Na biyu grihastha, zaman magidanci. Na uku vanaprastha, lokacin da mutum ya ga jikoki ya fara janye jiki ya bar wa 'ya'ya gida. Na huɗu sannyasa, yanke hulɗa da duniya ɗungurungum. Mutane ƙalilan ne ke kaiwa na huɗun, wasu kuma tun suna samari suke tsallakawa can.

Dattawan da kika gani ana kiran su sadhu, mace kuma sadhvi. Wanda ya ɗauki cikakken alkawarin shi ne sannyasi, kuma ana girmama shi da laƙabin swami. Kada ki haɗa su da limamin haikali, wato pujari, wanda galibi magidanci ne mai mata da 'ya'ya. Shiga wannan hanya abu ne mai nauyi. Malaminsa, wato guru, shi ke shigar da shi. Zai aske kansa, ya yi wa kansa ibadun da ake yi wa mamaci, ya cire zaren da manyan jinsi ke ratayawa a kafaɗa, a ba shi sabon suna. Daga ranar ya mutu a wurin danginsa. Dokar auren Hindu ta 1955 ta amince da wannan: idan miji ko mata ya bar duniya ta wannan hanya, ɗayan na da hujjar neman a raba auren. Kuma tun da ya riga ya yi jana'izar kansa, in ya mutu ba a ƙona gawarsa yadda ake yi wa sauran Hindu. Binne shi ake yi a zaune, ko a saka shi a kogi.

Dukiyarsa ba ta wuce tufafin nan ruwan goro, da sanda, da butar ruwa da ake kira kamandalu. Abincinsa bhiksha, wato abin da aka zuba masa. Ƙa'idar ita ce ya karɓi kaɗan-kaɗan daga gidaje daban-daban, kamar yadda zuma ke bin furanni, don kada ya zame wa gida ɗaya nauyi. A da ba ya zama wuri ɗaya sai a watanni huɗun damina, waɗanda ake kira chaturmas, lokacin da hanyoyi ke lalacewa, ƙwari da tsirrai kuma suka cika ƙasa, ana gudun a tattake su. Goshinsa na gaya miki ɓangarensa: layi uku na toka a kwance na mabiya Shiva ne, zane a tsaye na mabiya Vishnu.

Wanda ake danganta wa tsara wannan rayuwa shi ne Adi Shankara, ɗan Kerala, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8. Ruwayarsu ta ce shekara 32 kacal ya yi a duniya, kuma mahaifiyarsa ba ta yarda ya bar gida ba sai da ya yi mata alkawarin zai dawo ya yi mata jana'iza, ya kuma cika. Ana jingina masa manyan gidajen zuhudu huɗu, waɗanda ake kira matha, a kusurwoyi huɗu na Indiya: Sringeri a kudu, Dwarka a yamma, Puri a gabas, Jyotirmath a arewa. Shugaban kowanne har yau Shankaracharya ake ce masa. Mabiyansa sun kasu gida goma, kowanne da sunan da yake liƙawa a ƙarshe, irin su Giri da Bharati da Saraswati. Ashram kuma mazaunin guru ne da almajiransa, inda baƙo ma ke iya sauka na ɗan lokaci.

Akwai kuma ƙungiyoyi 13 da ake kira akhara, wasunsu sun taɓa riƙe makamai a tarihi. Cikinsu ne ake samun Naga, masu shafe jiki da toka ba tufafi. An fi ganin su a taron Kumbh Mela, wanda ke zagaya birane huɗu, Prayagraj da Haridwar da Ujjain da Nashik, kowanne kusan duk shekara 12. An yi babba a Prayagraj daga Janairu zuwa Fabrairun 2025, kuma 'yan akhara ne ke fara shiga kogi a manyan ranakun wanka.

Ba dukansu ne ke yawo ba. Swami Vivekananda, wanda ya yi jawabi a taron addinai na Chikago a 1893, ya kafa Ramakrishna Mission a 1897, ya mayar da hidimar talaka ibada. Sufayenta na tafiyar da asibitoci da makarantu har yau. Wasu sun shiga siyasa tsundum: Yogi Adityanath, shugaban gidan zuhudun Gorakhnath, shi ne ya zama babban ministan jihar Uttar Pradesh a 2017. Abin ya iso Afirka ta Yamma ma, domin a 1975 wani ɗan Gana, Swami Ghanananda Saraswati, ya jagoranci buɗe gidan zuhudun Hindu a unguwar Odorkor da ke babban birnin ƙasar. Sannan kamar ko'ina, akwai masu sa tufafin don neman abin duniya. A 2017 majalisar akhara da kanta ta fitar da jerin sunayen waɗanda ta ce na bogi ne.

Abin da ya kamata a riƙe

Mai kallo daga nesa idonsa ya fi tsayawa a kan mai toka da dunƙulallen gashi, sai ya ɗauka shi ne addinin. Amma sannyasi ba ya noma, ba ya hura wuta. Daga tukunyar magidanta yake ci, kuma littattafansu sun faɗa ƙarara cewa zangon magidanci ne ke ɗauke da sauran ukun. Addinin Hindu na yau da kullum yana hannun matar da ke kunna fitila da asuba, ta ƙirga kwanakin wata don kada Ekadashi ya wuce ta, ta tafi aiki da ayaba a jaka.

Mutanenmu na zuwa Indiya karatu da jinya da fatauci, Indiyawa kuma suna zaune tare da mu a Kano da Kaduna da Legas. Sanin addinin maƙwabci ba bin sa ba ne. Idan aka miƙo miki prasad, yanzu kin san abinci ne da aka gabatar ga abin bautarsu, sai ki yi godiya ki bayyana cewa addininki bai ba ki damar ci ba. Mai vrat ya san darajar alkawari, zai fahimce ki. Haka mu ma muke so a fahimce mu idan muka ƙi ruwa a tsakiyar Ramadan, kuma ba daidai ba ne mu nemi wannan adalci a wurin wasu alhali mun hana su irinsa.